Ranar da Abdulganiyyu Ya Saki Igiya

Kwana tara ke nan da saukowa daga Arfa, amma Abdulganiyyu bai dawo daidai ba. Shekara ashirin da shida yana riƙe da madafar da mahaifinsu ya bari, wadda ke ciyar da alhazai a tantunan Arfa da Mina. Bana mutum dubu huɗu suka ciyar, safe da rana da yamma, cikin zafin da ko marfin tukunya ba ya taɓuwa. Da aka gama ya koma gidansa a unguwar Zahir cikin Makka ya zube a falo. Ba ya fita sai masallaci. In waya ta yi ƙara sai ya ji kamar an soke shi a ƙeya.

Ranar Alhamis bayan azahar ƙanensa Talal ya yi sallama. Talal ma'aikacin otal ne a unguwar Jarwal, shekara goma sha bakwai tsakaninsu, kuma duk lokacin hajji yakan ɗauki hutu ya kula da motocin kai abinci.

"Yaya, tashi. Abhur za mu, bakin teku. Abokina Mish'al ya fito da jirgin ruwansa."

"Ka gaishe shi."

"Wallahi ba na tafiya sai da kai. Dubi yadda ka koma."

Ummulkhairi, matar Abdulganiyyu, ta leƙo daga kicin, ta kira mijinta da alkunyarsa. "Abu Manar, don Allah ka bi shi. Ko iskar teku ka shaƙa. Kwana tara kana kallon bango."

Gardama ma ƙarfi take so, shi kuwa ba shi da shi. Ya zura takalmi ya bi ƙanensa.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga Makka zuwa bakin tekun da ke arewacin Jidda. Talal ya yi ta surutu, rabi Hausa rabi Larabci. Abdulganiyyu ya jingina kai da gilashi yana kallon baƙaƙen duwatsu suna wucewa. Sun yi la'asar a wani ƙaramin masallaci kusa da inda ake ɗaure jirage, sannan suka sami Mish'al, wani siriri mai fara'a, yana warware igiya a bayan farin jirgi mai kujeru shida.

"Marhaba, ya ammi," in ji Mish'al, yana kiransa baffa da Larabci, ya sumbaci kan Abdulganiyyu. "Kada ka ji tsoron komai. Wannan ba shi da farfela. Ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso ta baya, shi ke tura shi. Ko ka matso kusa ba abin da zai yanke ka."

"Ni kallo na zo yi."

Suka fita tsakiyar ruwa. Talal ne ya fara. Ya sa rigar da ke hana nutsewa, ya zura ƙafafunsa cikin wasu dogayen alluna biyu, ya faɗa ruwa ya kama mariƙin igiya. Mish'al ya ba jirgin wuta, injin ya yi gurnani, farin kumfa ya taso a baya, sai ga Talal tsaye a kan ruwa yana zamiya, yana karkata dama da hagu, yana ihu kamar ba shi ne ya kwana biyar yana jigilar tukwane ba. Abdulganiyyu ya dube shi, ya rasa inda mutane ke samo irin wannan ƙarfin.

Da Talal ya hau jirgi yana ɗigar ruwa, sai ya cire rigar ya miƙa masa.

"Yalla, Yaya. Sau ɗaya."

"Shekarata hamsin da ɗaya, Talal."

"Wanda ya ɗaga buhun shinkafa a Arfa, igiya ce za ta gagare shi?"

Ya san halin ƙanensa, ba zai bari ba har rana ta faɗi. Ya karɓi rigar.

Ruwan da ɗumi, gishirinsa ya shiga wata ƙuna da ke bayan hannunsa ya yi masa zogi. Allunan suka yi ta rarrabuwa, ɗaya gabas ɗaya yamma, da ƙyar ya haɗa su.

"Lanƙwashe gwiwa!" Talal ya ɗaga murya daga jirgi. "Miƙe hannu! Kada ka ja igiyar, bari ita ta ja ka!"

Jirgi ya zabura. Abdulganiyyu ya ja igiyar da iyakar ƙarfinsa, ya kife da fuska, ruwa ya cika masa hanci. Aka zagayo aka sake jefa masa mariƙi. Na biyu ma haka, har allo ɗaya ya fice daga ƙafarsa, Mish'al ya kamo masa.

"Ka cika ja, ya ammi," in ji Mish'al yana dariya. "Zauna kawai kamar kana kan kujera."

A karo na uku hannuwansa sun riga sun mutu, ba su da ƙarfin jan komai. Igiyar ta miƙe, ruwa ya danno ƙirjinsa, ya ji an ɗaga shi a hankali, sai ga shi tsaye. Allunan suna ta bugun ruwa ƙarƙashinsa, iska tana dukan fuskarsa. Talal ya yi tsalle a jirgi yana tafi, yana ɗaukarsa a waya.

Abdulganiyyu ya jira daɗin ya zo. Abin da ya ji shi ne kafaɗarsa ta dama tana ci da wuta, bayansa yana amsawa, yatsunsa suna neman rabuwa da tafin hannu. Ga mutum biyu can gaba suna kallonsa, suna jiran ya ci gaba da riƙewa. Tun yana ɗan shekara ashirin da biyar haka ake kallonsa. Ya yi kamar daƙiƙa talatin a tsaye. Bai yi tuntuɓe ba, bai karkace ba. Buɗe hannunsa kawai ya yi.

Mariƙin ya yi gaba yana tsalle a kan ruwa. Shi kuma ya ɗan ƙara zamiya, gudun ya ragu, ya nutse a hankali har wuya. Rigar ta ɗago shi. Ya kwanta rigingine, kunnuwansa cikin ruwa, ƙarar injin ta koma can nesa kamar a wani gari. Sama ba ko gajimare. Ya saki ƙafafu, ya saki wuya, ya rufe ido.

Bai ji dawowar jirgin ba sai da wani abu ya faɗo ruwa kusa da shi. Talal ne, ba ko riga, ya cafko kafaɗarsa, idanunsa a waje.

"Yaya! Yaya! Ƙirjinka ne? Yi magana!"

"Lafiyata ƙalau."

"To me ya sa ka yi shiru? Muna ta kira! Wallahi na ɗauka..." Bai ƙarasa ba. Ya kama allo ɗaya ya rataya a kai yana haki.

"Ni na saki," in ji Abdulganiyyu. "Talal, baɗi ba zan hau Arfa da tukwane ba."

"Gajiya ce. Kowace shekara haka kake cewa."

"Ban taɓa faɗa ba. A zuci nake faɗa, yau na faɗa da baki. Ka san rabona da tsayuwar Arfa ina addu'a kamar kowa? Hajjina ɗaya, ina ɗan sha tara. Tun daga nan ina wurin kowace shekara, amma bayan tanti, ina faɗa da masu kawo gas. Ana hawaye ana roƙon Allah, ni ina neman ludayi."

Talal ya share ruwa daga fuskarsa. "To madafar Abuya fa? A rufe?"

"Ka karɓa. In ba ka so, a ba wani. Ni dai na gaji."

"Ni? Ina da aikina. Ban san kan tukunya ba, Yaya. Ko shayi matata Tahani ke dafa mini."

"Ni ma ban sani ba lokacin da Abuya ya kwanta ciwo."

Mish'al ya kashe inji ya bar su, ya juya baya yana naɗe igiya kamar ba ya ji. Suka daɗe a ruwa, igiyar ruwa tana ɗaga su tana saukewa. Daga baya Talal ya ce sanyi ya fara kama shi, suka hau. Sai da su biyu suka jawo Abdulganiyyu, don hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa.

A hanyar komawa sun tsaya sun yi magariba a wani gidan mai, suka sayi soyayyen kifi da ba wanda ya ci da yawa. Da suka iso ƙofar gida a Zahir, Talal ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ce, "Ban ce na yarda ba."

"Na ji."

Kafaɗar ta yi mako biyu tana ciwo, Ummulkhairi tana shafa masa man zafi tana mita, wai an aike shi shan iska ya dawo da jinya. Da ta ji maganar madafa, sai ta ƙara masa matashi a baya.

Ranar Asabar ta uku Talal ya kira, ya ce yana ƙofar sito a Jarwal, inda ake ajiye kayan madafa, yana jiran yayansa ya kawo mabuɗi. Abdulganiyyu ya je. Suka buɗe, ƙura da warin tsohon mai suka tarye su. Ya zauna a kan wata kifaffiyar tukunya, yana nuna wa ƙanensa da hannun hagu waɗanda ke yoyo, da murhun da ba a yarda da shi, yana faɗa masa shugaban masu dafuwa da za a fara kira tun watan Rajab kafin wasu su riga su. Talal yana rubutawa a waya, fuskarsa a murtuke, yana tambayar abu ɗaya sau biyu. Har aka kira azahar ba su kai rabin siton ba.