Bangon Baba Ya Yi Ɗumi

Ni ce mai suya a gidan abincin da ke ƙasan benenmu. Ɗakinmu ɗaya ne a sama, ni da Baba, kuma bututun da ke zuƙe hayaƙin kicin ta cikin bangon da gadonsa ya jingina ya bi.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ƙara ta zame masa azaba. Da an kunna fankar bututun sai bango ya hau kaɗawa, Baba ya toshe kunne da hannunsa mai lafiya, hawaye na zuba. Yayana, sarkin iyayi, ya zo dubiya, ya sauka ya yi wa mai gidan abincin tatas har aka rage gudun fankar. Ya kaɗe rigarsa ya tafi, wai ya gama nasa.

Baba kuwa ya samu barci, har da munshari da rana tsaka.

Sai ga mai wanke bututu ya zo. Ya buɗe murfi, ya zura hannu, ya fito da shi baƙi ƙirin, maiƙo na ɗiga har gwiwar hannu. Ya ce iskar nan dole ta yi gudu sosai kafin ta kwashe maiƙo ta fitar. In ta yi sanyin jiki, a hanya take zubar da kayanta, ya daskare. Tartsatsi ɗaya daga kaskona ya isa ya tayar da gobara.

Ya tambaye ni, "Wa ke kwana bayan bangon nan?"

Na ce mahaifina.

Mai gidan abincin ya ce shi ya gaji, in zaɓa: ya ƙara gudun ko ya bari. Ji mini mutum! Gaba kura, baya sayaki. Na kira Yaya, ya ce in yi addu'a. Wajen mayar da gadon babu, matakalar kuma mutum biyu ba sa wucewa, balle a sauko da majinyaci da gaggawa. Wallahi tsoro nake ji, ko albasa na jefa a mai sai gabana ya faɗi.

Da la'asar na hau kai masa magani, niyyata in gaya masa gobe ƙara za ta dawo. Na tarar ya manna tafin ƙafarsa da bango, yana murmushi da rabin baki.

"Uwata, taɓa ki ji. Ɗumi. Ƙafar nan ta daina yi mini sanyi. Kada ki bari su taɓa komai, kin ji?"

Na taɓa. Da zafinsa. Na ce to, Baba, na sauka na kunna wutar suya.