Awon Bayan Inna

Baya talatin da biyu Hafiza ta auna a Gwandu ranar nan kafin a ɗaga zanar ɗakin mata, mahaifiyarta ta shigo da ƙwaryar nono a kai.

Aikin ba wuya. Masu bincike ne suka ɗauko Hafiza daga Kalgo, suna son sanin yadda ƙashin bayan lafiyayyen mutum yake tsayawa. A tsai da mace, a saki zare mai ɗan ƙarfe daga ƙeya, a kwantar da ma'auni mai lanƙwasuwa a gadon baya, a zana. Bayan wata shida a sake. Sharaɗi ɗaya ne: mai ciwo ba ya shiga.

To, Hafiza 'yar fari ce, kuma a rugarsu uwa ba ta kallon 'yar fari, balle ta kama sunanta. Ranar yaye aka sauke ta daga bayan Inna Dije, aka miƙa wa goggonta a Kalgo. Shekara ashirin da biyar, sai gaisuwa daga nesa. Kunya ce, in ji manya. Kunyar nan kuwa ta ci ran Hafiza, ba kaɗan ba.

"Sannu, Inna. Daga Masama a ƙasa?"

"An ce ana awon baya," in ji Dije, idonta a kan zana. "Ai ni lafiyata lau, malama."

Malama! Hafiza ta haɗiye kalmar, ta ce mata ta juya.

Hannunta ya sauka a fatar. Nan ne fa wurin kwananta na farko. Ta bi ƙashin da yatsa, gaɓa bayan gaɓa. A tsakiya ta ci karo da tudu, mai tauri, mai zafi. Dije ta cije leɓe. Da Hafiza ta saki zaren, ya faɗi can gefe. Shi dai bai san kara ba.

"Inna, tun yaushe?"

"Nauyin ƙwarya ne."

"Wallahi ba ƙwarya ba ce. Sai an kai ki babban asibiti."

Dije ta ce da bango, "Na ji wadda aka rubuta, ana sake kiranta bayan wata shida. Ita mai awon ce dai za ta dawo?"

Ashe abin da ya taso ta ke nan! Ba ta da hanyar zuwa wurin 'yarta sai ta layin baƙi. In Hafiza ta rubuta lafiyayya, Inna za ta dawo, ciwon kuma ya ci gaba da cin ta. In ta rubuta gaskiya, an cire ta, ƙofar ta rufe.

Ta rubuta gaskiya. Ta haɗa da takardar asibiti, ta soka a ƙarƙashin faifan ƙwarya, hawaye na ɗiga a kan alƙalami. Dije ba ta iya karatu ba, amma ta gane an cire ta.

Ta kai hannu za ta ja mayafi.

"Tsaya, Inna. Ban auna daidai ba. Sai na sake."

Mata na ta mita a waje, rana ta take. Dije ta saki mayafin, ta miƙe iyakar yadda bayan ya yarda.

"Auna a hankali, malama," ta ce. "Nonon ba ya sauri."