Tumatirin Ƙasan Kwando

Ajin Malama na ɗaliban shekarar ƙarshe ne a jami'a, kuma ba wanda zai ce ba su iya Turanci ba. Sun iya, har ya yi musu yawa. Akwai masu karatun noma, akwai na tattalin arziki, akwai 'yan kimiyya, duk an turo su wurinta ta koya musu yadda ake rubuta bincike da yadda ake tsayawa gaban malamai a kare shi. Kalmomi kam suna da su buhu-buhu. Abin da suka rasa shi ne yadda za su faɗi abu ɗaya mai sauraro ya tashi da shi a kansa.

Wanda abin ya fi kamawa shi ne Kamus. Tun shekarar farko abokai suka laƙaba masa sunan, don ko aron biro zai yi sai ya nemo kalmar da za ta sa mai biron ya tsaya tunani. Yaro ne mai ladabi da ƙoƙari, ɗan sashen noma. Ya tsaya gaban kwamitin sashensu har sau biyu, duk ana dawo da shi da magana ɗaya: "Ba mu gane abin da ka gano ba." Dama ɗaya ta rage masa, mako mai zuwa. In ya sake faɗuwa sai ya maimaita shekara, abokansa su sa rigar kammala karatu shi yana kallo.

Malama ta yi iya yinta. Ta zauna da shi a ofis, ta ja layi da jan biro, ta ce, "Rage wannan, ɗana." Ya ce, "To, Malama." Washegari ya dawo da jimlar ta ƙara tsawo, har ta yi 'ya'ya.

Ranar da abin ya faru, famfo ne ya fashe a makarantar Auta, ƙaramar 'yar Malama, aka sallami yara tun da safe. Ba wanda za a bar wa ita a gida, sai Malama ta taho da ita aji, ta zaunar da ita a bencin baya da takarda da fensirin kala. Shekarun Auta bakwai, haƙoranta biyu na gaba sun fita, kuma a wuyanta akwai jan usur da ta ci a gasar tsere, wanda ko wanka za ta yi sai an yi rigima kafin ta cire shi.

Ana cikin darasi wani ɗalibi ya tashi yana karanta gabatarwar bincikensa. Ya yi nisa, 'yan aji suna gyaɗa kai irin na wanda bai ji ba, sai daga bencin baya aka ji ƙaramar murya: "Mama, wannan da wane yare yake magana?"

Wani ya tuntsure da dariya. Malama ta buɗe baki za ta tsawata, sai ta fasa. Ta dubi 'yarta, ta dubi usur ɗin, ta dubi Kamus da ke zaune a gaba rungume da takardunsa kamar jariri.

"Auta, zo nan," in ji ta. Ta jawo kujerarta ta malami, ta ɗora yarinyar a kai, ƙafafunta suna reto. "Yau ke ce kwamiti. Kowa zai zo ya gaya miki abin da ya bincika, da Turanci irin na ajinku. Duk inda ba ki gane ba, ki busa."

"Da ƙarfi?"

"Daidai misali."

Auta ba ta san daidai misali ba.

Malama ba ta son a ce ta kafa wani a gaba don a yi masa dariya, saboda haka ta fara da kanta. Ta gyara mayafi, ta soma bayanin binciken da ta yi digirinta na uku a kai. Ba ta kai ƙarshen jimlar farko ba usur ya tsage ajin.

"Haba Auta, ni ma?"

"Ba ki ce ban da ke ba."

Ai sai aji ya kece. Monita, wata doguwar ɗaliba mai bakin tsiya wadda ke riƙe da sunayen 'yan aji, ta zaro jan murfin littafinta ta ɗaga sama. "Jan kati! Malama, a fita daga fili!" Malama ta dafa tebur tana dariya har gilashinta ya zamo kan hanci. Ta sake gwadawa. Ta ce ta bincika ne ko yara sun fi saurin iya karatu idan ana karanta musu labari a gida. Auta ba ta busa ba, ta gyaɗa kai kamar alƙali. Aka tafa.

Daga nan kowa ya ce shi ne na gaba. Monita da ta yi wa Malama jan kati ta sha busa har ta ce, "Ke yarinya, ba ni na saya miki alewa ɗazu ba?" Auta ta ce, "Na shanye ta ai." Wani ɗan tattalin arziki ya ƙare da zana kasuwa a allo, ya sa 'yan mutane masu kai kamar ƙwallo. Na benci na baya suka koma 'yan sharhin wasa, suna riƙe da biro a baki kamar makirufo: "Ya ɗauko kalma, ya nufi raga, ya buga... an busa! An busa, jama'a!"

Kamus kaɗai ne ba ya dariya. Malama ta lura. Ta je kusa da shi ta ce a hankali, "In ba ka so, ba dole."

"Zan yi, Malama." Ya miƙe, ya ja rigarsa ƙasa, ya tsaya gaban Auta, ya yi gyaran murya. Ya karanto taken bincikensa. In aka juya shi zuwa Hausa zai yi kama da haka: nazarin ƙwaƙƙwafi a kan tasirin tsarin jibgawa ta tsaye ga dawwamar ingancin albarkatun lambu masu saurin raunana a zangon bayan girbi.

Auta ta busa tun a tsakiya, ta tsaya ta ja numfashi, ta sake busawa a ƙarshe.

"Yaya, albarkatun me?"

"Albarkatun lambu masu saurin..."

Fiiit!

"Wato nau'in 'ya'yan itatuwa da ake..."

Fiiit!

Kamus ya sauke takardunsa. Ya waiga wajen Malama neman ceto, ita kuwa ta harɗe hannu tana murmushi. Monita ta kifa kai a benci, kafaɗunta suna rawa.

Ana haka ƙofa ta buɗe. Farfesa ne, shugaban sashen noma, wanda ofishinsa ke jikin ajin, kuma shi ne mai zama a tsakiyar kwamitin da ya dawo da Kamus sau biyu. Dariya ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Farfesa ya tsaya a bakin ƙofa, gilashi a hannu, ya zubo wata jimlar Turanci mai hawa-hawa, wadda ma'anarta ita ce ya zama wajibi ya ja hankalin mahalarta wannan zama zuwa ga rashin dacewar matakin ƙarar da ke ɓullowa daga wannan farfajiya da yanayin natsuwar da harkar ilimi ke bukata.

Fiiiiit!

Malama ta rufe ido. Wani a baya ya ce "Wayyo" ƙasa-ƙasa. Farfesa ya sa gilashinsa, ya leƙa ya ga wata 'yar mitsitsiya a kujerar malami, kumatu a kumbure, usur a baki.

"Wannan kuma wace ce?"

"Kwamiti ce, ranka ya daɗe," in ji Monita, tana danne dariya. "In ba ta gane ba, busawa take yi."

Farfesa ya dubi Auta, Auta ta dube shi. Gashin bakinsa ya soma motsi. Ya ce da Turancin 'yan firamare, "Kun cika surutu."

Auta ta cire usur daga baki. "To, Kaka. Yi haƙuri."

Farfesa ne ya fara fashewa. Ya yi dariya har ya jingina da ƙofa, ya ciro hankici yana share ido, aji kuwa ya rikice gaba ɗaya, masu buga benci na bugawa, ɗaya daga 'yan sharhin ya zame ƙasa. Da ƙyar Malama ta tattaro su. Farfesa bai koma ofis ba. Ya sami gefen benci ya zauna, ya ce, "Ku ci gaba. Wa ke kan layi?" Sai ya ga Kamus. "Au, kai ne. To, bismilla."

Kamus ya sake ɗaga takardunsa. Malama ta matsa ta karɓe su, ta ajiye a tebur a kife. Ta ce da Hausa, "Ka manta da mu. Ita kaɗai za ka gaya wa. Me ka taɓa da hannunka a binciken nan?"

Kamus ya dubi ƙasa. Ya ce, kamar mai amsa laifi, "Tumatir."

Ba a busa ba.

"Ina son tumatir," in ji Auta. "Me ya same shi?"

Ya soma da Turanci ƙanana-ƙanana, yana tsayawa bayan kowace jimla yana jiran usur. Ya ce masu lambu suna zuba tumatir a kwando mai zurfi su kai kasuwa. Na sama suna danne na ƙasa. Kafin a isa, na ƙasan sun fashe, sun fara ruɓewa. In aka zuba a akwati mai faɗi marar zurfi, kaɗan ne ke lalacewa.

"Shi ke nan?" in ji Auta.

"Shi ke nan." Ya juyo wajen Malama, fuskarsa cike da kunya. "Kin gani, Malama? Abin da ya sa ba na faɗa ke nan. Ai wannan kowace mai sayar da tumatir ta sani. Ta yaya zan tsaya gaban manya in ce shekara guda na yi a kan wannan?"

Sai yanzu Malama ta gane abin da jan bironta ya kasa gani. Ba son burga ne ya sa yake tara kalmomi ba. Ɓoye tumatirin yake yi.

Kafin ta amsa, Auta ta riga ta. "Yaya, wa ya gaya maka na ƙasa ne ke fashewa?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ni na juye kwandunan, na ware, na ƙirga."

"Duka?"

"Duk wanda na bi daga lambu zuwa kasuwa. A kwando, kusan ɗaya cikin uku na ƙasa ya lalace. A akwati bai kai ɗaya cikin goma ba."

"Duk tumatirin duniya?"

"A'a, a'a," in ji Kamus da sauri, har yana ɗaga hannu. "Iri biyu kawai na gwada, kuma a lokacin zafi. Ban san na lokacin sanyi ba."

"Hannunka bai yi wari ba?"

"Har yanzu abokan ɗakina ba su yafe mini ba."

Aka sake kecewa, wannan karon har da shi. Malama ta bari dariyar ta lafa, sannan ta ce, "Ɗana, masu sayarwa suna zato, kai kuwa ka ƙirga. Ka faɗi abin da ka gano, ka faɗi yadda ka gano shi, ka faɗi inda saninka ya tsaya. Abin da nake koya muku tun farkon zango ke nan. Manyan kalmomi guda biyu ko uku da sashenku ke bukata za mu mayar da su, amma a bayan tumatirin za su tsaya, ba a gabansa ba."

Farfesa ya miƙe yana kaɗe rigarsa. A bakin ƙofa ya waigo ya ce wa Kamus, "Ashe aikin kirki ka yi kake ɓoye mana. Mako mai zuwa ka zo mana da wannan." Ya dubi Auta. "Ke kuma, ko za ki ara mini usur ɗin nan ranar taron malamai?"

Auta ta damƙe shi da hannu biyu. "A'a, Kaka."

Ranar da Kamus ya tsaya gaban kwamiti, jimlarsa ta farko gajera ce, kuma kalmar tumatir tana cikinta. Aka yi masa tambayoyi, ya amsa waɗanda ya sani, abin da bai gwada ba ya ce bai gwada ba. Ya ci. Da ya fito, 'yan aji suka ɗaga shi sama, Monita tana busa murfin biro tana cewa an tashi wasa.

Da yamma Malama ta ba Auta labarin nasarar Kamus suna kicin, tana juye cefane. Auta ta saurara, sannan ta jawo faranti mai faɗi, ta kwashe tumatirin daga leda, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya hau kan wani. Abin da ta fahimta shi ne, in aka tara tumatir a kwando mai zurfi na ƙasa ne ke fashewa, kuma Yaya Kamus ya sani ne domin ya ƙirga da hannunsa.