Dabino Bakwai da Ludayi Guda

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san inda na ɗebo shi. Kwana uku ke nan ina zama a bencin Mamuda mai gyaran waya, ina leƙen wani wasa da yake yi idan kasuwa ta yi sanyi. Mamuda ba yaro ba ne, 'ya'yansa shida, amma sai ka gan shi ya duƙufa yana yaƙi da dodanni tare da mutanen da bai taɓa gani ba. Abin da ya ja hankalina wani mutum ne a cikin wasan da ba ya dukan kowa. Yana tsaye a baya, duk wanda aka ji wa ciwo sai ya watsa masa wani haske ya warke. Mamuda ya ce mai warkarwa ake ce masa, kuma kafin a fara sai ka zaɓa masa kaya, ka raba masa maki. Ni karatuna aji uku ne, ban gane duka ba, amma na tafi gida da abin a kaina.

Sai ga ni da hantsi a wani gari inda ruwa yake fitowa daga ƙasa. Yana tsattsafowa ta tsakanin yatsun ƙafa, ya wuce ta gefen kunne, ya tafi sama ya taru. Gemuna ya jiƙe ta ƙasa, hulata kuwa a bushe. Ban yi mamaki ba, na dai lura cewa kwaɗin garin duk a kan rufi suke.

Na shiga wani ofis. Awaki ne ma'aikatan. Duk takardar da aka buga wa hatimi, sai wata akuya ta cinye ta don kada ta ɓata. Layin masu son zama mayaƙa ya zagaye ginin sau biyu, layin maharba ya fita ta taga. Layi na uku babu kowa, kuma akwai benci, saboda haka can na zauna.

Wani bunsuru mai tabarau ya ɗago kai ya ce tunda na zauna a nan, ni ne mai warkarwa. Ya buɗe littafi, ya ce ƙungiyata mutum uku ce: ni, da Mamuda, da wata Ladidi. Na ce Ladidi ai matata ce, shekararmu arba'in da uku da aure, kuma ciwon gwiwa ya hana ta ko zuwa rijiya. Ya ce a nan ita ce mayaƙiya, ita take shiga gaba ta karɓi duka. Sannan ya karanta mini doka. Kowa yana da jan layi a saman kansa, shi ne ransa. Wanda layinsa ya ƙare ba ya mutuwa, farkon wasa yake komawa, ya manta da duk wanda ya sani.

"Har ni?" na tambaya.

"Har kai. Sai ka sake gabatar mata da kanka."

Na hau lissafi. Wancan karon da na gabatar da kaina ina da keke, ina da haƙora talatin da biyu. Yanzu keken ya zama abin shanya, haƙoran kuma saura tara. Na ga lallai bai kamata layin nan ya ƙare ba.

Bunsurun ya turo mini faranti da dabino ashirin, ya ce makina ke nan, in ɗauka. Ni kuma yadda aka tarbiyyantar da ni, ba a miƙa hannu da tayin farko. Na sunkuyar da kai na ce a'a, na ƙoshi, Allah Ya amfana. Na jira ya ce haba Malam, daure dai. Na jira ya rantse. Sai kawai ya fara kwashe dabinon ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a aljihun tebur. Ashe a garin nan sau ɗaya ake tayi. Sai da ya kwashe goma sha uku na yi gyaran murya na ce to, bari in ɗan taɓa don kada ransa ya ɓaci. Bakwai na samu.

Ya jera mini ƙwarya biyar, kowace da sunanta: Ƙarfi, Sauri, Hankali, Warkarwa, da Rai. Ya ce inda na jefa dabino, nan zan ƙaru. Ƙarfi ban ko dube shi ba, ban zo dambe ba. Na jefa huɗu a Warkarwa, sai na ji tafin hannuna ya ɗauki ɗumi kamar na riƙe kofin shayi. Na jefa biyu a Hankali, nan take na tuna inda na ajiye almakashin da ya ɓata tun bara. Saura ɗaya. Na riƙe shi a kan ƙwaryar Rai, wadda take ta kaina ce ni kaɗai, sai na ga duk awakin ofis sun daina tauna suna kallona. Kunya ta kama ni. Yaya za a ce dattijo ya zuba wa kansa a gaban jama'a? Na jefa shi a Sauri.

Bunsurun ya leƙa saman kaina, ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙawa. Ya ce layina bai kai tsawon ashana ba. Na ce ya ishe ni. Ya buga kofato a takarda, akuya ta cinye.

Sai ga ni a kasuwar kaya. Rumfunan a tsaye suke, titin ne yake tafiya. Ya kai ni gaban wata tsohuwar zabuwa, wadda ta ce abu uku kawai ake ɗauka: na kai, na hannu, na ƙafa.

Ta fara nuna mini wata hula mai ƙara hankali, sai dai tana faɗin duk abin da mutum yake tunani da ƙarfi. Ina ɗora ta, sai hular ta ce zabuwar nan za ta yi daɗi a farfesu. Na cire ta da sauri na ba da haƙuri. Na zaɓi wata tsohuwar malafa mai faɗi, don na lura ruwan da yake tashi yana taruwa a ƙarƙashin bakinta, yana ɗigowa. Na ce a raina wannan ba za ta bar ni da ƙishi ba.

Na hannu kuma, akwai sandar zinariya mai warkar da mutum daga nesa, ko da yana wata unguwa. Na gwada ɗaga ta, kamar in ɗaga masallaci. Zabuwa ta ce sai mai dabino biyar a Ƙarfi. A gefe akwai wani ludayi na duma, an ɗinke tsagarsa da zare. Ta ce wannan yana warkarwa fiye da sandar, amma sai ka matso har ka ji numfashin majinyaci. Na ce ai haka na saba. Na tara shi a ƙarƙashin malafa, ya cika da kansa. Na ji daɗin wannan dabara ƙwarai, har na tsaya ina cikawa ina zubarwa.

Takalmi na ɗauki silifa wari da wari, ɗaya kore ɗaya shuɗi, waɗanda suke tafiya da kansu wajen duk mai nishi. Zabuwa ta gwada mini rigar ƙarfe, ko da ba ta cikin ukun, wai don tausayi. Rigar ta zame ta faɗi kamar an rataya ta a bangon da ba ƙusa. Ta ce babu Rai da zai riƙe ta. Daga ƙarshe ta miƙo mini wata 'yar gora ta ce gyara ce, in sha idan layina ya yi ƙasa. Wannan na karɓa, gyara ba a ƙin ta.

Sai ga ni a bakin wata rijiya da take kwance a kan gefenta, ana shiga da ƙafa. Mamuda yana tsaye da baka. Kibansa ba sa tashi, da ƙafa suke tafiya, su isa su yi sallama sannan su soki mutum. Kusa da shi Ladidi, ta sha ɗamara, murfin tukunya a hagu, taɓarya a dama, tana tsalle a wuri ɗaya don jin daɗin gwiwoyinta. Rabon da in ga ta yi tsalle tun haihuwar autarmu. Layin da yake saman kanta ya kai tsawon gora ta shanya. Sunana yana rubuce a saman kaina da manyan baƙaƙe, ita kuwa da ba ta taɓa faɗin sunan nan ba, sai take kallon silifana idan za ta yi mini magana.

"Malam, wa ya aske maka rai haka?"

Na ce haka aka ba ni. Ta ce hmm, irin hmm ɗin da na sani.

Wani dodo yana can ƙarshen rijiya, girmansa kamar rumbu, ya lulluɓa da jiƙaƙƙen bargo. Mamuda ya ce sunansa Sanyin Ƙashi. Na ce ai na san shi, kullum da asuba yana gidana. Ladidi ta ce ita ma ta daɗe tana nemansa a fili.

Aka fara. Tana kai masa taɓarya kamar ana sussukar gero, shi kuma yana kai mata duka a gwiwa. Duk dukan da ya same ta, layinta ya ragu da taƙi guda, silifana su ja ni, in zuba mata ludayi, layin ya dawo. Malafa tana cika ludayi, ludayi yana cika Ladidi. Aikin ya tafi daidai har na fara ɗan waƙa a hanci. Can sai Mamuda ya yi nishi, ashe tsarkiyar baka ce ta ƙuje masa yatsa. Silifa suka kai ni. Ludayi bai cika ba, shi kuma mutum ne da nake zama a bencinsa kyauta, sai na miƙa masa gorar. Bai ce ya ƙoshi ba. Ya shanye, ya kife ta.

Daga nan dodon ya yi atishawa. Ba ni ya nufa ba, iskar ce kawai ta biyo ta inda nake. Ashanar da take kaina ta koma kamar ƙwayar gero. Na zauna a ƙasa, ludayi ya yi mini nauyi kamar sandar zinariya. Ina kallo layin Ladidi ya fara sauka, rabi, sannan rabin rabi. Ta waiwayo ta dube ni, na ga idonta ya fara yin irin kallon da ake yi wa baƙo a ƙofar gida. Na fara shirya abin da zan ce mata: sunana wane, ɗan wane, ina da haƙora tara.

Sai ta kafa murfin tukunya a ƙasa, ta jingina da shi dodo yana ta dukansa, ta kwance haɓar zaninta. Dabino ne a ƙulle, goma sha uku. Ta ce bayan na fita ta shiga ofishin, ta tambayi bunsuru ko wani tsoho mai gemu ya zo ya ce ya ƙoshi. Ya ce ƙwarai. Ta ce to a ba ta rabonsa. Haka take yi a kowane gidan biki shekara arba'in da uku: ni in ce na ƙoshi a zaure, ita ta ƙullo mini nama ta ƙofar mata.

Ta miƙo mini. Bakina, da kansa, ba tare da ya shawarce ni ba, ya fara cewa a'a, na ƙo...

"Malam, ba ni da lokacin tayi uku," in ji ta. "In ka faɗi, wa zai shafa mini?"

Na buɗe baki. Ta jefo su ɗaya bayan ɗaya, kowane ya faɗa kai tsaye a Rai, ba tare da ƙwarya ba. Layina ya miƙe, ya wuce ashana, ya wuce tsinken tsire, ya kai muciya. Rigar ƙarfen nan ta taho da gudu daga kasuwa ta hau jikina. Na tashi na zuba mata ludayi uku a jere, na tsaya dab da bayanta har ina jin numfashinta. Dodon ya sake atishawa, ban ko motsa ba, malafa ce kawai ta karkace.

Ta kai masa taɓarya ta ƙarshe a daidai lokacin da wata kibiyar Mamuda ta iso ta yi sallama. Dodo ya amsa, ya sace kamar tayar keke, ya bar bargo kaɗai. Ruwan garin ya ɗauki bargon ya tafi da shi sama. A inda ya tsaya muka tarar da ganima: kwalbar man zafi guda, da murfinta. Mamuda ya ce ta mai warkarwa ce. Na ɗauka ban jira an sake faɗa ba. Muka zauna mu uku a bakin rijiya, ruwa yana tashi ta tsakaninmu, Ladidi tana kaɗa ƙafafu, tana buga taɓarya a murfin tukunya a hankali, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Na buɗe ido. Cokali ne yake bugun gefen kwano, tana dama koko a bakin ƙofa. Rana ta fito. Ta miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a gwiwa, ta jawo ƙafa ta kawo mini.

"Ga koko, Malam. Ko ka ƙoshi?"

Na karɓa da hannu biyu, na kafa kai na shanye, na miƙa mata kwanon na ce ko da saura. Ta tsaya tana kallona, ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, ta ƙaro mini, sannan ta miƙo kwalbar man zafin da take kan taga, ta zauna ta miƙe ƙafar.