Rabin Caji

Tsohon Direba bai yarda da rabin abu ba. Duk shekarun da ya yi yana jan tirela, bai taɓa kashe mota ya shiga gida da tanki rabi ba, kuma batirin da ya kwana ba caji a wurinsa abin kunya ne. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya rage, an karɓe makullin tirela an ba wani. Motar da ta rage masa a duniya ba ta fi takalminsa tsawo ba: ja ce, mai manyan tayoyi, da rimot ake tuƙa ta. Ba don kansa ya saye ta ba. Ta jikarsa ce, 'yar ɗansa, wadda yake kira Kwandasta don kawai ya ga ta turo baki ta ce ita direba ce.

Abin da ya raba shi da yarinyar bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Wata Asabar ya jona batirin motar a wata caja mai araha da ba ta batirin ba, ya ɗora a kan kujerar kushin, ya fita ƙofar gida gaisawa da maƙwabci. Gaisuwa ta zama hira. Kwandasta na ɗaki ita kaɗai lokacin da batirin ya fara huci yana hayaƙi, ita kuwa da ta ga kayan motarta za su ƙone sai ta kai hannu. Kujera ta tafi, labule ya tafi, bayan hannunta na dama ya sale. Uwarta ta rantse yarinyar ba za ta sake taka gidan ba.

Da wani ne, da ya jefar da motar a bola. Shi sai ya ɗauke ta a leda ya tafi wurin Dogo, mai gyaran waya da ke sayar da irin waɗannan motoci a layin shagunan bayan tasha. Ya sayi sabon batir da caja, ya zauna a benci kamar ɗalibi, ya ce a koya masa daga farko.

"Baba, wannan batir ba irin na tirela ba ne," in ji Dogo. "Ɗan ƙarami ne, amma zuciya gare shi. Ga cajarsa ta ainihi, ka ga wannan 'yar wayar mai farin kai? Ita ma sai ka jona ta, ita ke daidaita cikinsa. Kada ka yi caji a kan katifa ko kujera. Siminti ko tayil. In ka jona, ka zauna a wurin, ko sallama aka yi ka cire kafin ka tashi. In an gama wasa yana da zafi, bar shi ya huce tukuna. Kada a tuƙa motar har ta mutu murus, da ta fara sanyi a tsaya. In kuwa ka ga ya kumbura, to shi ke nan, ya mutu. Kada ka matsa shi, kada ka huda shi, kada ka sa shi a mota. Kai shi waje ka sa a bokitin yashi, ka kawo mini."

Tsoho yana gyaɗa kai, yana haɗiye kowace kalma.

"Sai na ƙarshe. In za a daɗe ba a yi wasa ba, kada ka ajiye shi a cike. Ka ga wannan maɓallin na jikin caja? Na ajiya ne. Zai kai shi rabi ya tsaya. Ranar wasa sai ka cika."

A nan ne Tsohon Direba ya yi dariya, karo na farko tun ranar wutar. "Rabi? Yaro, tun ba a haifi babanka ba nake ajiye batir. Batirin da aka bari da yunwa shi ke mutuwa."

"Na mota ke nan, Baba. Wannan ƙoshi ke kashe shi."

"To, na ji," in ji tsoho, irin "na ji" ɗin da babba ke yi wa yaro don a rufe zance. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ba su ce sai wawa ƙarami ba.

Sauran dokokin kam ya riƙe su fiye da yadda Dogo ya faɗa. Ya kwashe sifanoni daga tsohon akwatinsa na ƙarfe, ya huda masa 'yan ƙofofi, ya mai da shi gidan sabon batir. Ya share kusurwar ɗaki inda ba labule ba tabarma. Ya cika bokiti da yashi ya ajiye a tsakar gida, har kyanwar maƙwabta ta fara yi masa kallon nata ne. Kowace Asabar da hantsi zai jawo kujerar roba, ya jona caja, ya zauna ya zuba mata ido har ta yi ƙara ta nuna ya cika. Maƙwabcin nan mai hira ya yi sallama ya gaji. In batir ya cika sai tsoho ya goge motar da tsumma, ya mai da batir akwati a cike fam, ya zauna yana sauraron ƙofa.

Shi bai taɓa tuƙa ta ba, don mota tata ce. Haka batirin ya yi ta zama a ƙoshe mako bayan mako, a ɗaki mai rufin kwano da ke ɗaukar zafi kamar tanda. Gaskiyar da bai faɗa wa Dogo ba, bai ma faɗa wa kansa ba, ita ce danna maɓallin ajiya daidai yake da yarda cewa ba za ta zo ba. Ina amfanin a buga ƙofa, yarinya ta shigo da gudu, shi kuma ya ce ta jira a yi caji? Direban kirki fasinja ba ya jiransa.

Ya lura, ba wai bai lura ba. Akwai Asabar ɗin da ya ji gefen batirin ya ɗan yi laushi a ƙarƙashin yatsa. Ya ce zafin gari ne. Ya juya shi ta ɗaya gefen ya rufe akwati.

Damina ta zo ta wuce kafin wayarsa ta yi ƙara da sunan da yake jira.

"Baba, muna hanya za mu biyo," in ji ɗansa. "Ba za mu daɗe ba. Mamanta ba ta so, ni na matsa. In aka rabu lafiya yau, zan samu bakin yi mata magana a riƙa kawo ta."

Tsoho ya share ɗakin da ya riga ya share. Ya canza riga.

Ta yi tsawo. Haƙoran gaba sun fita, wasu sun fito. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jin kunyarsa, abin da ba ta taɓa yi ba, hannun dama a ɓoye a bayan siket.

"A'a, wa nake gani? Kwandasta ce ta dawo aiki bayan ta gudu da kuɗin mota?"

"Ni direba ce," ta ce a hankali. Sai kuma ta yi dariya, ta faɗo jikinsa, ya ji ƙashinsa na baya ya amsa, bai damu ba. "Kaka, motata tana nan?"

"Tana nan tana ta tambayarki."

Ɗan nasa ya gaishe shi a tsaye, ya ƙare wa ɗakin kallo, ya ga kusurwar da aka share da cajar a kan siminti. Kamar zai yi magana, sai aka kira shi a waya daga wurin aiki, ya fita tsakar gida yana amsawa.

Tsoho ya durƙusa ya buɗe akwatin ƙarfe. Batirin da ya sani shafaffe kamar sabulu ya tashi ta ciki da baya, ledar jikinsa ta miƙe tana sheƙi kamar burodin da ya sha yis. Ya ɗauke shi da yatsa biyu. Ya kai shi bakin ramin da yake shiga a cikin motar, ya ga ba zai shiga ba sai an danna.

Kwandasta ta riga ta ɗauki rimot, ta ja eriya, tana taka ƙafa. "Sa mana, Kaka! Sa!"

A cike yake. Wannan shi ne abin baƙin cikin. In ya danna shi da babban yatsa, ya naɗe murfin da salatif, motar za ta tashi. Wataƙila ta yi zagayen tsakar gida ta dawo lafiya, yarinya ta yi ihun murna, ubanta ya tafi gida ya ce an rabu lafiya. Ya sha kai tirela gida da tayar da ta fi wannan muni. Ɗansa yana waje, ya ba su baya. Ba wanda zai sani.

Sai idonsa ya sauka a kan hannun da ke riƙe da rimot. Tabon ya warke, amma fatar wurin ta fi sauran haske, ta tattare kamar ledar da ta sha wuta.

"Ba za a yi yau ba," ya ce.

"Don me?"

"Batirin ba shi da lafiya. Ja da baya, uwata. Kada ki taɓa."

"Ƙarya ne! Ka ce tana tambayata!" Ta kai hannu, ya ɗaga shi sama, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba. Ta tsaya cak. Sannan kukan ya ɓalle gaba ɗaya. "Kai marowaci ne! Baba, zo mu tafi! Kaka ya hana ni motata!"

Laifin babba rowa, haka ake cewa. Ya ji kalmar ta shige shi har ciki, amma bai tsaya rarrashi ba. Zai iya mai da batirin akwati ya rufe, ya ce mota ce ta lalace. Sai dai abin zai zauna a ɗaki ɗaya da ita ke nan, kuma ya yi wannan kuskuren sau ɗaya. Ya miƙe da ƙyar, ya riƙe shi nesa da jikinsa, ya fita da shi tsakar gida, ya wuce ta gaban ɗansa, ya tona yashin bokiti ya kwantar da shi.

Ɗan ya sauke wayar daga kunne. Ya leƙa bokitin, ya ga abin da ke ciki kafin yashi ya rufe shi.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ya kumbura ne. Shi ya sa na hana ta. Ka ga ai na fitar da shi, ga yashi, ga..."

"Tun yaushe yake haka?"

Ɗan bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Wato wata da watanni kana kwana da wannan a ɗaki, kuma kana aiko mini in kawo ta. Na yi faɗa da matata a kan zuwan nan, Baba. Na ce mata ka canza."

"Na canza. Wallahi na canza. Ban taɓa tashi na bar shi a caji ba, tambayi kowa. Don ita nake cika shi, kada ta zo ta tarar..."

"Yanzu in mun je gida ta ce ta yi kuka, a ce me ya faru, in ce me? In ce batir ne kuma?"

Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba. Ya shiga ɗaki ya karɓi rimot daga hannun yarinyar ya ajiye a kan tebur, ya ɗauke ta duk da ta wuce ɗauka. A bakin ƙofa ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba," kamar yadda ake gaya wa tsohon da aka tarar a layin asibiti. Kwandasta ta kifa fuska a kafaɗar ubanta, ba ta waiwayo ba.

Da rana ta yi sanyi tsoho ya ɗauki bokitin gaba ɗaya ya tafi layin shaguna, yana sauya hannu, yana hutawa a gindin kowane turken lantarki. Baƙin ciki ne ke cinsa, kuma ya rasa wanda zai ɗora wa. Ranar da ya yi sakaci an hukunta shi, ya karɓa. Yau da ya yi daidai an sake hukunta shi, kuma in aka bi diddigi yau ɗin ma hannunsa ne.

Dogo ya tona yashin, ya duba, ya yi 'yar ƙaramar tsaki. "A cike kake ajiye shi, ko?"

"A cike."

Dogo ya buɗe baki zai ce ai na faɗa maka, sai ya dubi fuskar tsohon ya fasa. Ya kai bokitin bayan shago, ya dawo da sabon batir a kwali.

"Wannan a rabi yake zuwa daga kamfani. In cika maka shi yanzu? Yaushe jikar taka za ta zo?"

Tsohon Direba ya juya kwalin a hannunsa. A kan titi wata tirela ta wuce tana canza giya, bai ko ɗaga kai ba.

"Bar shi a rabin," ya ce. "Nuna mini maɓallin nan kuma."