Riga Mai Lamba Tara

Shekara goma sha ɗaya Doguwa ta yi tana buga wa kulob ɗinsu ƙwallon kwando. Kofi huɗu ta ɗauko musu, sau uku ana zaɓenta gwarzuwar shekara. A wasan ƙarshe na bara ita kaɗai ta ci maki talatin da takwas, da gwiwa a ɗaure. Gwiwar ce ta ajiye ta.

Sai kulob ya aiko da takarda: ranar Asabar za a rataye rigarta mai lamba tara a saman zauren wasa, daga nan kuma ba wadda za ta ƙara sa tara. Ba a taɓa yi wa mace haka ba.

Ta duba akwati, babu riga. A kan keken ɗinkin Mama ta same ta, an rage mata yatsa huɗu a gefe, an kalmashe ƙasan.

A gidan nan kaya gangarowa suke yi, daga yaya zuwa ƙanwa. Mama ta ce ita ba ta ga laifi ba: mai riga ta daina wasa, Auta kuma bana kulob ya ɗauke ta. Da aka karanta wa Mama takardar, ta ce kenan sai a bar riga mai kyau tana cin ƙura, mai rai na nan tana so.

Auta na bakin ƙofa. Tun tana shekara takwas take rubuta tara da alli a bayan singiletinta.

"Yaya, a warware kawai," in ji ta. "Sha tara ma lamba ce."

Ta faɗi haka ba ta ɗago kai ba.

Washegari da hantsi Doguwa ta je zauren. Riguna biyu na maza na lilo a sama, sun koɗe, gizo-gizo ya yi gida a hammatar ɗaya. An riga an kafa ƙusa ta uku. Ta daɗe tana kallon ƙusar. Tana so, ba ta yi wa kanta ƙarya ba.

Koci ya ce doka doka ce, lambar da aka rataye ta tafi kenan, kuma irin wannan ba ya zuwa sau biyu. Ta buɗe jaka, ta ajiye masa takalmanta a kan tebur.

"Ku rataye waɗannan, Koci. Lamba arba'in da biyar ne, ba sa shigar kowa a gidanmu."

Ya ce ba a yin haka. Ta ce to a cire ƙusar.

Ba a cire ba. Ranar Asabar takalma suka hau sama, shugaban kulob ya karanta kofunan ɗaya bayan ɗaya, aka tafa. Auta ta shigo fili da tara a baya. Jifanta na farko ko bakin kwando bai taɓa ba.

Mama ta karkato ta ce wa Doguwa kafaɗar rigar har yanzu ta ɗan yi wa Auta yawa.