Minti Biyar a Cikin Bokiti

Kifaye goma sha ɗaya ne a tankin gilashin da na kafa wa Umma a ƙarshen gadonta. Cikin kwana tara suka koma ɗaya, kuma Yaya ne ya jawo mana.

Tun da ɓarin jikin Umma ya shanye magana ta ɗauke mata, hannun hagu kaɗai ke motsi. A kunna rediyo ta ɓata rai, a kunna talabijin ta rufe ido. Ni kuwa shekara goma sha biyu ina aiki a shagon kifin ado na ruwan gishiri, sai na haɗa mata tanki da duwatsu da fitila. A cikin kifayen akwai wani rawaya mai faɗin jiki da muke kira Ɗan Gayu, saboda yangarsa. Shi take bi da ido tun safe har yamma. Abinci ma ba ta buɗe masa baki sai Ɗan Gayu ya fito daga bayan dutse, ranar da ya ɓuya kuwa haka za a mayar da kwano yadda aka kawo shi.

Yaya direban babbar mota ne. Sai a yi wata biyu ba a ga ƙeyarsa ba, rana ɗaya ya faɗo gida da tsaraba da tsawa. Wannan karon tsarabar wani shuɗin kifi ne a leda. Ina can shago ya kwance ledar ya juye a tankin Umma, har da ruwan da ya zo da shi. Duk wanda ya san aikin nan ya san baƙon kifi ba ya shiga cikin 'yan'uwansa sai ya yi wata guda shi kaɗai a tankin killacewa, an ga lafiyarsa. Da na gaya masa haka sai ya kwashe da dariya.

"Kai Auta, kifi ne ko fursuna?"

Ya ɗaka min duka a ƙeya, irin wanda ya saba tun ina rarrafe. Shekarata talatin da shida, har da furfura a gemu, amma na haɗiye kamar kullum.

Kwana uku sai ga shi jikin kifayen ya yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari. Ƙananan ƙwayoyi ne da ke maƙale wa fata da kumatu, suna ci. Kifayen suka dinga goga jiki da dutse, numfashi sama-sama. Na kafa ƙaramin tankin killacewa a lungun ɗakin, babu yashi babu dutse sai guntayen bututu na ɓuya, na zuba maganin ƙwayoyin, mai sinadarin jan ƙarfe, wanda ba a sa shi a babban tanki don yana kashe duk wani mai rai da ke jikin duwatsu. Na kwashe marasa lafiya zuwa can, amma cutar ta riga ni. Kowace safiya sai na tsamo gawa, har da ta shuɗin baƙon. Ɗan Gayu kaɗai bai nuna komai ba, na bar shi a wurinsa saboda Umma ta ci abinci.

Rana ta tara da hantsi na gan shi a saman ruwa yana haki.

Dabara ɗaya ta rage kafin magani, ita ce wankan ruwan daɗi. Ana tsoma kifin teku a ruwan da ba gishiri, ƙwayoyin su kumbura su zube, ya samu ya yi numfashi. Minti biyar ne, ba a ƙarawa, don shi ma kifin, ruwan cinsa yake yi, balle wanda ya riga ya jigata. Kuma abin ba kyan gani. Kifin zai yi ta fizge-fizge, sannan ya kwanta a gefe ɗaya ya sandare, wanda bai sani ba sai ya rantse kisa ake yi.

Na daidaita ɗumin ruwan bokitin da na tanki, na jefa bututun iska. Na ce, "Umma, kada ki tsorata, zai yi kamar ya mutu, ba mutuwa ba ce." Na saita ƙararrawar waya a minti biyar, na ajiye a kan gadonta, na kamo shi da raga na sake shi a bokiti.

Bai fi minti biyu a ciki ba Yaya ya turo ƙofa, hannunsa duk baƙin mai. Ya leƙa tanki, wayam. Ya leƙa bokiti, ga Ɗan Gayu kwance a gefe. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ruwan.

"Ruwan famfo? Kai, ruwan famfo ka sa shi?"

"Magani ne, Yaya. Saura minti uku."

"Maganin uban wa? Goma ka kashe a wancan akurkin naka, yanzu ka zo kan na ƙarshe? Matsa!"

Ya miƙa hannu zai cafko kifin ya mayar da shi cikin tankin da cutar take. Na riƙe masa wuyan hannu. Ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Ya dubi hannuna, ya dube ni, sai ji na yi tau! Kunnena na hagu ya ɗauki ƙara. Na durƙusa na rungume bokitin, na ba shi baya. Ya sa ƙafa a haƙarƙarina, sau ɗaya, sau biyu, ina jin ƙarfen bakin takalminsa. Ya damƙi wuyan rigata ya fizge ni, rigar ta yage har cibiya, ya haɗa fuskata da bango. Jini ya cika min baki.

"Ɗan iska mai wasa da ruwa! Uwarka kake so ka kashe da yunwa?"

Wannan kalmar ce ta kai tura bango. Ni da nake juya ta, nake wanke ta, nake goge mata baki shekara biyu! A kan tebur akwai wani dutse da na ciro daga tanki, mai kaifi ta ko'ina. Ban san lokacin da ya zo hannuna ba. Na kwaɗa masa a gefen fuska, fatar ta tsage daga gira zuwa kunne. Ƙaton mutumin nan ya tafi taga-taga, ya haɗu da kujera, suka zube tare. Na haye ƙirjinsa, na danne hannuwansa da gwiwoyina, na yar da dutsen don ina so in ji shi da hannuna.

A nan wayar ta fara ƙara.

Na ji ta. Wallahi na ji ta sarai. Na ji kuma Umma tana buga zobenta a ƙarfen gado, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na ce a raina, ɗaya kawai zan ƙara. Na naushe shi a hanci, na ji ya karye, daɗin da na ji kuwa ban taɓa jin irinsa ba. Na ƙara na dukan ƙeya. Na ƙara na ranar da ya mare ni gaban matata. Ya ture ni, muka mirgina har bakin ƙofa, ya cije ni a kafaɗa, na shaƙe shi har idanunsa suka firfito. Wayar ta gaji ta yi shiru, ta sake tashi, ta sake yin shiru. Sai da hannuwana suka mutu na sake shi.

Da na rarrafo wurin bokitin, minti goma sha tara ne suka wuce. Bututun iskar ma yana ƙasa, ƙafar ɗayanmu ta fizge shi. Ƙasan bokitin ya yi fari da ƙwayoyin da suka zube, wankan ya yi aikinsa tsaf. Na tallabo Ɗan Gayu na sa shi a tankin killacewa, na yi ta kai shi gaba ina dawo da shi don ruwa ya ratsa kumatunsa. Jinin yatsuna ya rina ruwan. Na sake shi, ya tafi ƙasa ya kwanta kusa da bututu.

Yaya ya ja jiki ya jingina da bango, ido ɗaya a rufe, yana tofar da jini a tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallon tankin. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

"Auta, tsakaninka da Allah. Da ban shigo ba, da ya rayu?"

"Da ya rayu."

"Ashe ni na kashe shi." Ya sa kai tsakanin gwiwoyinsa ya fashe da kuka. "Umma ki yafe min. Ban ji ƙarar ba, na rantse ban ji ba."

Ban gaya masa cewa ni na ji ta ba. Na wanke hannuna, na ɗauko kwanon Umma, na zauna a bakin gado, na ɗebo cokali ɗaya na kai mata. Ba ta dubi tanki ba, ba ta dubi Yaya ba, ni ta tsare da ido. Ta ɗaga hannun hagun nan a hankali, zoben ya yanke mata yatsa saboda bugu, ta ture cokalin.